Kwalbar Humrar Rahaf

A unguwar Umbadda, tsallaken kogi daga Khartum, wanda ya tambayi gidan Mawahib mai humra, ce masa ake ya bi hancinsa. Kakanninta sun tsinci auduga a Jazira har bayansu ya lanƙwashe, ita kuwa ta ce sunkuyon da aka yi a gidansu ya isa haka, in za ta sunkuya sai dai a kan turmin sandal. Tun tana budurwa take dakan turaren amare, da mahlab da farce da sauran abin da ba ta faɗa wa kowa.

Da zamani ya zo, wani mai gyaran waya a kasuwar Suk Libiya ya buɗe mata shafi a Fesbuk. Shi ya sa lambar sirri da hannunsa. Ita ba ta tambaya ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Shafi ya yi albarka, har mijinta Dogo, mai tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya koma ɗan kai saƙo. Ƙanshi ya kama shi ta yadda abokansa a tasha ba sa kiransa sai da Amarya.

To, matanmu kun san su. Babu mai sa fuskarta a Fesbuk, babu mai sa sunan yanka. Hoton fure ne, sunan kuma Ummu wane. Duk wanda ya leƙa shafin Mawahib zai ɗauka lambu ne. Ita dai ta san wace fure ce ke son miski da yawa, wace ce mai ƙorafi, kuma a ganinta sani ya ƙare ke nan.

Ƙanwarta Wafa, sakatariya a wani kamfani a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ta sha gaya mata cewa shafin nan rumfar aro ce a kasuwar wani. Ta ce ta riƙa karɓar imel ɗin masu saye, don shi adireshi ne da ke bin mutum duk ƙasar da ya je, ko waya ta ɓata, ko layi ya mutu. Mawahib ta ce ita ba 'yar sanda ba ce da za ta tsare matar mutane da tambayar adireshi. Wafa ta gaji. Sai in ta zo shan jabana, wato gahawa, ran Juma'a ta tarar da baƙuwa, ta lallaba ta karɓa da kanta. Abin da ta tara bai cika tafin hannu ba.

Gab da azumin shekarar da aka fara yaƙi, wata mata ta haye gada daga Khartum ta zo. A shafi sunanta Ummu Rahaf, hotonta jan fure. Malamar makaranta ce, iyakar abin da Mawahib ta sani ke nan, ko unguwarta ba ta tambaya ba. Ta kwance bakin mayafi ta fito da guntun itacen sandal, wanda mahaifiyarta marigayiya ta sayo a Makka ta ce a ajiye don auren jikarta Rahaf. An sa biki bayan Babbar Salla, tana so a haɗa humrar amarya da shi, ta kwanta ta nuna kafin lokaci.

Da za ta tafi, malamar da kanta ta ce a rubuta imel ɗinta, ko da wani abu zai taso.

"Imel ɗin nan, Malama, daka shi ake yi ko jiƙa shi?" in ji Mawahib. "Ba ga ki nan a waya ba? Ina za ki?"

Suka yi dariya, ta raka ta bakin titi. A ranar ma ta ba Dogo labarin, tana jin daɗin bakinta.

Humra tana kwance a kwalba aka fara harbi. Da zama ya gagara, suka nufi unguwar Sawra wurin dangin Dogo. A wani shinge masu bindiga suka karɓe wayarta. Kwalbar kuwa tana cikin tukunya, an naɗe ta da tsumma, ba wanda ya kula ta.

Ta samu wata waya da sabon layi, shafi ya ce bai san ta ba, sai da lambar sirri. Mai gyaran waya, wasu suka ce yana Chadi, wasu suka ce Libiya ta gaske ya tafi wannan karon. Ta buɗe sabon shafi ta nemi Ummu Rahaf, sai ga su jere kamar an shuka su, kowace da jan furenta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sandal ɗin Makka. Wata ta toshe ta, wata ta tambayi kuɗin dilka, yawancinsu shiru.

Wafa, da ta tsere Atbara, ita ta tuna da 'yan adireshin nan nata. Ta aika musu gaisuwa da sabuwar lambar yayarta. Amsa ta zo daga Alƙahira, daga Jidda, har daga Kampala. Layukansu duk sun mutu, amma saƙo ya same su. Waɗannan mata ƙalilan, da waɗanda suka jawo, su suka riƙe tukunyar gidan Dogo har aka dawo Umbadda. Mawahib ta jira Wafa ta yi mata gori, Wafa ba ta yi ba, kuma Mawahib ta ce hakan ya fi gorin ciwo.

Yanzu ko turaren wuta na tsinke kake so, sai ka ba da imel kafin ta miƙo. Matar da ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, yau ta fi ofishin fasfo tambaya. Duk wata Wafa tana aika saƙo ga mutanen, kuma ƙarshensa ɗaya ne kullum: wanda ya san malama, uwar Rahaf, ya gaya mata amanarta tana nan.

Sau ɗaya aka taɓa amsa wannan. Wata Awadiyya ta rubuto cewa ta halarci ɗaurin auren wata Rahaf, 'yar malama, a ajin makarantar da 'yan gudun hijira suka zauna a Kasala. Amarya ba ta shafa komai ba sai sabulu. Ba ta san ko ita ce ba, ba ta kuma san inda suka nufa daga nan ba. Ta ƙara da cewa in kwalbar ta rasa mai ita, ita za ta saya.

Dogo ya ce ta sayar mana, tunda biki ya wuce. Mawahib ta ɗauko kwalbar ta girgiza, kamar yadda take yi kowace Juma'a. Humrar ta yi duhu, ta yi nauyi, ba ta taɓa haɗa irinta ba.

"Kakarta ta ajiye wa jika," ta ce. "In na Rahaf ya wuce, ai za ta haifi mace."

Ta mayar da ita tukunya, ta rufe.