Malam Na'iya, Mai Tambayar Masu Lafiya

Shekara talatin da biyar, da zarar an sallame Asuba, Malam Isah Na'iya zai ɗaure tsohon littafinsa a bayan babur, ya zuba wake a aljihun dama, masara a na hagu, ya kama hanya. Jami'in sa ido kan cututtuka ne. Daga Tambuwal zuwa Kebbe, babu ƙaramin asibitin da bai san ƙarar babur ɗin nan ba. Wannan watan ya yi ritaya, kuma ban ji an ambace shi ko a rediyo ba. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni Saudat, shekara tara ke nan da aka turo ni wurinsa daga makarantar kiwon lafiya don sanin makamar aiki, kaina cike da karatu. Damina ta faɗi, amai da gudawa suka ɓarke a wani ƙauye kusa da Fakku. Mutum ashirin da uku suka kwanta, yara biyu suka rasu. Na shiga gida-gida na tambayi majinyata abin da suka ci da abin da suka sha. Ashirin da ɗaya sun sha nonon Hadijatu, wata Bafulatana mai tallar nono daga rugar da ta sauka a bayan gari.

Maimakon in jira, sai na faɗa wa Maigari Ɗan'iya. Nan take ya ce ranar kasuwa, wato jibi, za a fasa ƙwaryar matar, rugar kuma ta tashi. Gero ya riga ya tsiro ko'ina, babu inda za su bi da shanu.

Na kai wa Malam takardata ina jiran yabo. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗiyata, masu lafiya fa, mi sunka sha?"

"Baba, ai lafiyarsu ƙalau. Me zan tambaye su?"

"Garin ga akwai wanda bai shan fura da nono? Da kin tambayi majinyatan ko suna da hanci, duk suna da shi. Sai mu yanke hancin?"

Kunya ta rufe ni. Washegari muka koma. Kowane majinyaci sai da muka samo masa sa'ansa a unguwa wanda bai kwanta ba, na yi masa tambayoyin nan sak, ba ragi ba ƙari. Cikin masu lafiya ashirin da uku, ashirin sun sha nonon Hadijatu. Bambancin yana wani wuri: goma sha tara daga majinyata suna shan ruwan rijiyar bakin fadama, wadda bakinta ya rushe kwata take gangarawa ciki. A masu lafiya biyar kacal ke ɗiba can.

Safiyar kasuwa, Malam ya tsuguna a ƙofar Maigari, ya zana garin a ƙasa da tsinke, ya ja layi biyu, na nono da na rijiya. Wake majinyaci, masara mai lafiya. A layin nono suka cakuɗe. A layin rijiya wake ya taru har ya yi tsibi. Maigari ya daɗe yana kallo.

"Ke nan rijiyar kakana ta, Na'iya?"

"Ita ta, ranka shi daɗe. Ba laifin kakanka ba na, laifin bakin rijiya na."

Hadijatu na tsaye nesa, ƙwarya a ka. Malam ya kira ta, ya karɓi ludayi, ya sha a gaban kowa. Ta ce, "Malam, ai ɗiyana shi suka sha kullum, ba wanda ya tambaye ni." Ni ce ban tambaye ta ba. Aka rufe rijiya, aka zuba magani, aka ɗaure bakinta da siminti. Rugar ta kai kaka a wurin.

Ma'aikatan Jabo ma suna tuna shekarar da aka firgita wai ƙyanda ta ninka. Malam ne ya zauna da rajista ya nuna musu sabon asibiti ne ya fara rubuta waɗanda da ba a rubutawa.

Baba, kai ne mai tsugunawa inda wasu ke hangowa daga mota. Kai ka koya mini cewa adadi ba ya magana sai an aje masa abin kwatance. Daga baya na je jami'a na tarar abin yana da dogon suna a littafi. Ban ƙara komai a kan waken aljihunka ba.

Yau kowa da wayarsa, ana cike fom a ƙarƙashin fanka, ana ce wa ƙauyen da ba a taka ba "babu matsala". Wannan sakaci ne, kuma mutane yake kashewa. 'Yan uwana ma'aikata, ku fita. Ku tambayi wanda ya kwanta, ku tambayi maƙwabcinsa da ke tsaye, kafin ku nuna kowa da yatsa.

Na gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Makon jiya na ga Hadijatu a kasuwa, furfura ta fito mata. Ta ce in gaishe ka. Ta cika mini ludayi, na shanye.