Daɓen da Inna Ta Yi Mini

Ban taɓa son karatu ba, kada in yi wa kowa ƙarya. Wata mata ’yar Gummi ce ta tura ni cikinsa, ta kuma tsare ƙofa don kada in fito.

Na san ta ne lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu na ƙasar Anka. Maza su kawo duwatsun zinari gida, mata su daka, ƙura ta tashi, yara na rarrafe a cikinta. Daga nan sai jijjiga, sai makabarta. Tana cikin ma’aikatan lafiyar da suka zo ɗibar jinin yara, ni kuwa budurwa ce mai kauɗi, ina riƙe mata yaran ina yi mata gardama. Wata rana ta dube ni ta ce, “Wannan bakin naki asara ne a bar shi a gindin murhu.” Ita ta zauna da Baba har ya yarda, ita ta kai ni makarantar koyon aikin lafiya inda take koyarwa. Malama muke ce mata.

Jarrabawar farko na faɗi warwas. Na ɗaure kayana zan gudu, ta same ni a tashar mota. Ta ɗauki jakata ta ɗora a kai ta yi gaba. Dole na bi ta, ina ƙunƙuni. Tun daga ranar, bayan la’asar ina kan tabarmarta, tana ɓarar gyaɗa, ni ina mayar mata da darasi cikin Hausa. Ba ta iya yabo ba, matar nan. In na yi daidai, sai dai ta turo mini farantin gyaɗar. A haka na gama, da sakamako mai kyau kuwa, na koma gida ina jin ba wata gubar da za ta sake wuce ni.

A lokacin an daɗe da kwashe ƙasar gidajenmu an zuba sabuwa, an hana dakan dutse a gida. Yayana kuma ya samu ’ya mace, ta fara rarrafe, duk abin da ta tsinta sai baki. Inna ke renonta da rana.

Ranar da na dawo, ko ruwa ban sha ba Inna ta ja hannuna. “Taho ki ga ɗakinki, likita.”

Sabon daɓe ta yi mini, sumul, har sheƙi yake. Tun da ta ji na kusa gamawa ta yi shi, da hannunta da ciwon bayanta. Ta ce ɗakin ya fi ko’ina sanyi, shi ya sa a nan take ajiye yarinyar ta wuni. Na duƙa na shafa. Launinsa toka-toka ne, kuma na san launin nan.

Na ce, “Inna, ina kika samo ƙasar?”

“Can wurin injin niƙan dutse. Laushi gare ta kamar gari.”

“Innalillahi! Inna, gubar ke nan!”

Ta yi dariya. “Ke ɗiyar ga, mi kike faɗi? Ai sun wanke zinarinsu sun tafi da shi. Wagga ƙasa ba kome cikinta.”

Haka ta fahimta, haka duk matan unguwar suka fahimta: an ce dutsen zinari ne ke kisa, to an cire zinarin. Wallahi na yi wa uwata tsawa ranar. Na fitar da yarinyar, na yayyafa ruwa, na ɗauko diga na farfasa daɓen. Inna na zaune a bakin ƙofa tana kallo, ko tuwo ba ta ci ba.

Na kira Malama ina kuka. Ta ce in bar kukan in kai yarinyar Anka a auna jininta. Aka auna, gubar ta yi yawa ƙwarai, aka ɗora ta kan magani. Malama ta biyo hanyar nan tamu da direbobi ke tsoro saboda ’yan bindiga, ta zo da kanta. Muka bi gidaje. Nan daɓe, can yaɓen bango, can tubali, duk da ƙasar nan. Muna fitowa daga wani gida jaki ya wuce mu da mangala cike da ita. Na ce, “Malama, yanzu me za mu yi?” Matar da ba ta taɓa rasa amsa ba ta ce mini, “Ban sani ba.”

Malama ta yi ritaya yanzu. Tana kira na, tana cewa in nemo mata wata yarinya mai kai a sa ta karatu. Ina cewa to. Gaskiya zuciyata ta mutu, ban nemo kowa ba.

’Yar yayana ta rayu. Tsararrakinta suna zuwa islamiyya, ita ba ta magana, ba ta tsayuwa sai an riƙe ta. Inna ce ke goya ta, ƙafafunta na reto har gwiwar tsohuwar. Ba ta bari kowa ya karɓe ta.

Kwanan baya ina shirin tafiya aiki Inna ta tsayar da ni a zaure. “Likita, yaushe za ta ce mini Inna?”

Na ce sai lokacin da Allah ya nufa. Ta ce to, ta gyara goyon.