Masuncin da Ke Roƙon Hadari

A garinmu na gaɓar Terengganu, idan damina ta kankama teku ta hana fita, kowane masunci fuskarsa a murtuke take, ban da Deraman. Shi har kumatu yake ajiyewa. Rumfar kofina tana jikin katangar ƙaramin asibitinmu, don haka kullum da safe nake ganinsa, ya jiƙe sharkaf, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Deraman mai jan taru ne a babban jirgin Wan Sulong, irin wanda ke nausawa tsakiyar teku sai an kusa mako biyu a dawo. A can ya koyi hodar maye tun yana saurayi. Bayansa ke ciwo, wani ya miƙa masa, ciwon ya lafa, shi ke nan. Yanzu furfura ta fito, haƙoran gaba sun yi masa sallama, ya shiga sahun masu shan metadon, ruwan maganin da ke kwantar da kwaɗayin hodar na yini guda. Gobe kuma sai ka dawo.

Masu zaman bencin jiran maganin kusan duk masunta ne, kuma ba su ɓoyuwa: riga mai dogon hannu saboda tabon allura, ga son zaƙi. Kofinsu sai na zuba madara har cokali ya kusa tsayawa da kansa.

Nas Rohaya, mai ba da maganin ta taga, tana da doka. In ka shanye sai ka yi magana, don akwai masu ɓoye shi a kumatu su fita su sayar.

"Kawu, yi magana."

"Gobe ruwa, 'yata. Jibi ma ruwa."

"Kai ko gajiya da ruwan nan ba ka yi?"

"Allah ya ƙaro," in ji shi, 'yan benci su yi masa caa.

"Tsohon banza, mu muna cin bashi kai kana kiran hadari."

Dariya kawai yake yi. Kowa ya san dalili. Muddin jiragen suna ɗaure, yana kusa da tagar nan, yana kwana a gida, har ya koma sahun gaba a masallaci. Matarsa Mek Jah ta ce wannan ce damina ta farko da tukunyar gas ɗinta ba ta yi ƙafa ta tafi kasuwa ba.

Ya gwada aikin tudu, kada a ce bai gwada ba. Ya je shanyar kifi, aka ce mata sun isa. Ya nemi gadi, aka dubi hannunsa aka ce za a neme shi. Ni ma na ba shi wankin kofuna, amma rumfar da ba ta gama riƙe mutum ɗaya ba ina za ta kai biyu?

Sai iska ta fara juyawa, damina ta kama hanyar wucewa. Wan Sulong ya zo rumfata, ya zauna kusa da shi.

"Asabar za mu ɗaga. Kana ciki ko in ba yaron Che Embong gurbinka?"

"Ina ciki mana, maigida."

"Ka tabbata? Ba na juyo da jirgi don wani ya sha ruwan kwalba."

Washegari Deraman ya tsaya a taga ya roƙi maganin da zai tafi da shi. Daga inda nake ina jin komai.

"Kawu, na kwana biyu ne iyakar abin da zan iya ba ka. Ba ka daɗe da farawa ba."

"'Yata, a kwana biyu ko wurin kifin ba mu kai ba."

"Na sani. Na yi wa likita magana, ba a hannunsa yake ba shi ma. Ba za ka haƙura da wannan fitar ba?"

"In haƙura mu ci me, bencin?"

Shi da ita da ni duk mun san abin da ke zuwa in maganin ya ƙare: gumi, amai, ƙasusuwa kamar ana sara. Mun kuma san ba a rasa mai ƙullin hoda a aljihu a cikin jirgi, kuma mai tausayi ne ƙwarai a irin wannan rana.

Ranar Asabar ya zo da jakarsa. Mek Jah ta naɗe masa kwalaben biyu a cikin safa don kada su fashe. Ya karɓi na ranar, ya ɗaga kai ya shanye.

"Yi magana, Kawu."

Ya leƙa sama, ya daɗe yana neman ko ɗan gajimare.

"Gari ya washe, 'yata."

Na haɗa masa kofi, madara har ta fi ta kullum. Ya sha rabi, ya ce in ajiye masa sauran, ya gangara bakin ruwa yana dafe da ƙugu.

Tun ranar bencin ya zama fili, sai tsofaffi biyu da kyanwa. Mek Jah takan biyo da safe ta tsaya a rumfata, ba ta sayen komai. Ta dubi teku, ta dubi sama.

"Yaya, kana ganin za a yi ruwa?"

Nakan leƙa ni ma, don kada ta ce ban duba ba. Sama fes, ko ɗigo.