Sunan da Baffa Mammadu Bai Faɗa Ba

Safara'u tun tana ƙarama mai yawan shiru ce. A gidansu na Yalwawa, sai a same ta a gindin dabino ta zuba wa duwatsun gari ido, kamar tana jiran ɗayansu ya motsa. Kakanninta makiyaya ne, amma mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne, saniya sai dai ta hango a bakin hanya. Tana da shekara goma sha bakwai ta tafi Alƙahira karatun likita. Ta dawo da Larabci cike da baki, Fulatancinta kuwa ya tsaya a gaisuwa.

Bayan ta ƙware a kan ciwon taɓin hankali, sai ta shiga ƙarin horo na shekara biyu, don ta zama irin likitan da kotu ke tambaya ko wanda ake tuhuma yana cikin hankalinsa. Cikin horon nan ne aka turo mata mutumin farko da za ta rubuta wa rahoto da hannunta. Wani dattijo ne makiyayi daga wajen Taura, Baffa Mammadu, ana zarginsa da ƙona wa wani manomi tarin harawa. Tun da aka kama shi bai buɗe baki a gaban alƙali ba. Idan ta rubuta cewa hankalinsa bai kai a yi masa shari'a ba, za a ajiye shi a asibiti ba ranar fita, har sai an ga ya warke.

Ya zauna a gabanta, siriri, hannunsa na dama a naɗe saboda ƙuna.

"Baffa, hannun yana ciwo?"

"Babu komai."

"Yaya sunan mai ɗakinka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Babban ɗanka fa, wa sunansa?"

Ya juya ya kalli taga, inda wata balbela ta sauka a kan katanga. Ma'aikatan jinya kuma suka gaya mata kwana uku ke nan ana ajiye masa abinci a ɗakin da yake tare da mutum takwas, ba ya taɓawa.

Safara'u ta rubuta yadda aka koya mata: fuska ba walwala, ba ya nuna jin zafi, ya manta sunayen iyalinsa, yana ƙin abinci. Saura sa hannu ranar Litinin.

Ran Juma'a da la'asar tana zaune a tabarma kusa da kakarta, Dada, wadda ke tsince wake a faifai. Iska tana kaɗa ganyen dabino, hankalin Safara'u ya yi nisa, har ta yi magana ba ta sani ba.

"Mutum ya manta sunan ɗan farinsa. Allah Sarki."

Dada ta ɗago. "Wane ne?"

"Wani tsoho ne, Dada. Bafulatani."

"Ke kika tambaye shi?"

"E mana, aikina ne."

Dada ta ajiye faifan, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Kai, wannan ƙawar tawa! Shekara bakwai a Masar, ashe kunya kika je kika sayar. To ni tun da kike, kin taɓa jin na kira sunan ubanki?"

Safara'u ta shiga tunani. Ta bi shekarunta ɗaya bayan ɗaya, ranakun salla, ranakun suna, ranar da mahaifinta ya kwanta zazzaɓi, tana neman sunan a bakin Dada. Babu shi. Kullum "wancan", ko "mai gidan nan".

"Abinci ma ba ya ci," in ji Safara'u a hankali.

"A gaban mutane? Dattijo da gemunsa ya zauna yana tauna, baƙi na kallon bakinsa? Ke dai Allah ya shirye ki."

Washegari da safe ta koma. Ta sa aka kai wa dattijon fura wani ɗaki shi kaɗai, aka ja ƙofa. Da ta shiga, ƙwaryar ta bushe. Ta ture kujera, ta zauna ƙasa-ƙasa, ta gaishe shi da ɗan guntun Fulatancinta. Ya yi murmushi, wataƙila don yadda ta karya shi.

"Baffa, ba ni labarin shanunka."

Sai murya ta fito. Ya faro daga wata farar saniya da mahaifinsa ya ba shi yana yaro, ya biyo 'ya'yanta da jikokinta, wadda ta karye a fadamar Haɗeja, wadda ta haifi tagwaye shekarar ambaliya, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai mai ɗakinsa. Safara'u ta ga kamar suna shigowa ɗakin ɗaya bayan ɗaya, suna ratsa tsakanin tebur da taga, ƙahonninsu na taɓa silin. Ta ƙirga talatin da huɗu, bai maimaita ko ɗaya ba.

"Ka san dalilin da aka kai ka kotu?"

"Na sani, 'yata. Wutar ni na kunna. Ƙaya nake ƙonawa, iska ta juya. Na sa hannu in kashe, ta fi ƙarfina."

"Me ya hana ka gaya wa alƙali?"

"Surukina yana tsaye a wurin."

Ta gaya masa gaskiya, cewa in ta rubuta lafiyarsa lau, shari'a za a yi, kuma tana iya cin sa.

"In ta ci ni, ai za su faɗa mini ranar da zan fita ko?"

"Za su faɗa."

"To rubuta."

Ta yage rahoton farko ta sake wani. A ƙarshensa ta roƙi kotu ta fitar da surukin waje ranar da za a saurari Baffa Mammadu, sannan ta sa hannu.