Karen da Muka Ƙosar

Sabo mutumin Gumel ne, direba, shekararsa bakwai a Doha. Bai iya musu ba, kome ka faɗa masa sai ya ce "to". Yana tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Hangari da ke zaune a Al Aziziya. Injiniyan yana da karen farauta irin na ƙasarsu, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, ciki a ɗame, haƙarƙari ana iya ƙirgawa. Ba ya haushi barkatai, ba ya kula baƙo, amma duk inda Sabo ya sa ƙafa yana biye. Kullum da sassafe sai an kai shi fili a Umm Salal ya yi gudu mai nisa.

Da korona ta shigo, injiniyan yana ƙasarsu hutu, aka rufe hanya. Kare ya zama amana a hannun Sabo, da takardar awon abincinsa manne a jikin firji.

A nan ne na sa bakina. Ni mai gadi ne a layin, kuma ina jin na san kare tunda kakana mafarauci ne.

"Haba Malam Sabo," na ce, "mutum ya dawo ya tarar da dabbarsa ƙashi da fata? Ai cewa zai yi kai kake cinye naman."

"Haka halittarsa take fa."

"Halittar yunwa dai. Ƙara masa shinkafa da romo."

Ya ce "to". Wata shida kare yana cin shinkafa, ba gudu, don Sabo yana tsoron fita nesa lokacin kulle. Haƙarƙari suka ɓace. Har bugun ƙirji nake yi ina cewa aikina ne.

Injiniyan ya dawo ya ga yadda karensa ya koma. Bayan kwana uku ya ce a je fili, na bi su kallo. Karen ya zabura kamar yadda ya saba, ga nauyi ga zafi. Bai yi nisa ba ya kife. Kafin a isa wurin likitan dabbobi ya mutu a cinyar Sabo.

A ƙofar asibitin injiniyan ya tambaye shi a hankali, "Wa ya ce ka canza abincin?"

Ina tsaye kusa da shi, gorar ruwa a hannuna.

"Ba kowa," in ji Sabo. "Ni ne."

Aikin tuƙin ya ƙare a satin. Ban ce uffan ba, kuma kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Lokacin gasar cin kofin duniya na hango shi a bakin tashar jirgin ƙasa, yana nuna wa 'yan kallo hanya, ya rame. Ya gan ni, ya washe baki, ya ɗaga hannu yana kiran sunana.

Na sunkuyar da kai na bi ta ɗaya ƙofar.