Hanyar da ta bi ta ɗakin Gwaggo

Lokacin da nake karatun tsara birane a Dubai, duk Juma'a nakan tashi daga unguwar Karama in je cin tuwo wurin Baffana a unguwar Muraƙƙabat. Ɗan kasuwa ne, tayil yake lodawa zuwa Kano. Ni kuwa bakina ba ya riƙe karatu, abin da aka koya mini sai na juye masa.

Wata Juma'a na ba shi labarin Istanbul a ƙarni na sha tara. Mahukuntan Turkawa sun tsani lungunan birninsu, suna son miƙaƙƙun tituna irin na Turai. Gidajen na katako ne, gobara ba ta yankewa. Da wuta ta cinye unguwa sai masu awo su iso, a yanki filin kowa, a faɗaɗa hanya, lungun da ba ya ɓullewa a fasa shi. Da takaici na faɗa. Baffa ya ajiye loma ya ce, "Mutanen nan akwai kai!"

Ba a jima ba gobara ta tashi a lungunmu na cikin birnin Kano. Ta ci gidaje biyu, ta tsaya a katangar gidan gado, inda Gwaggo take, yayar Baffa, wadda ta raine ni. Lungun a ƙofarta ya ƙare. Akwai 'yar ƙofa a katangarta zuwa gidan maƙwabciyarta, ta nan suke miƙa wa juna garwashi da gulma shekara da shekaru, ba mayafi ba takalmi.

Da na je tuwo, Baffa ya buɗe mini taswira a waya, yana washe baki. Ya saye kangayen biyu, toka ko hucewa ba ta yi ba.

"Yalla, maza ɗana, zana mini irin na Turkawan nan. Hanya ta zarce, kwantena ta isa sitona da ke bayan gidan gado."

"Baffa, ai ta ɗakin Gwaggo za ta bi."

"Halas, zance ya ƙare, na kama mata gida a bayan gari. Har da tayil."

Ƙyamarsa ta kama ni, tuwon ya fita raina. Na ƙi zanawa. Ya sa wani ya zana.

Bayan Gwaggo ta tare a sabon gidan na kira ta. Ta ce, "Baffanka ya ce dabarar daga karatunka ta fito, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ɗan nan, tunda kai ne masani, na shafa bangon nan kaf. Ta ina ake hudawa a gaisa da maƙwabta?"