Wai makaranta ce ta shayar da shi

Ina tsaka da suyar ƙuli-ƙuli maƙwabciyata Talatu ta faɗo da waya a hannu, wai in zo in ga Babangida, ɗana na fari da ke karatu a Jamus.

Ga shi nan a hoto gaban wani tsohon gini yana washe baki. A ƙasa ya rubuta "Alma Mater", har da alamar zuciya.

Talatu ta ce, "Alma mata! Maman Babangida, aure ya yi kika ɓoye mana?"

Ko hannu ban wanke ba na kira shi.

"Kai, wace ce Alma? 'Yar gidan wa ce?"

Ya yi ta dariya har da tari. "Inna, ba mutum ba ce fa. Haka ake kiran makarantar da mutum ya yi karatu da Latin, yaren malaman Turawa na da."

"To me yake nufi?"

"Uwar da ta shayar da kai."

Wallahi gara a ce auren ya yi. Suruka ai na san yadda zan zauna da ita. Amma gini?

Na ce, "Ita ta goya ka daga Ruwan Bago har Rogo a ƙafa lokacin da ƙyanda ta kwantar da kai?"

Shekararsa biyu a can, hotona bai taɓa sawa ba. Allah ya yi wa karatun albarka, amma ni ban huce ba.

Iyaye mata, ku gaya min tsakani da Allah, ni ce na cika kishi?